Kwamitin azumin unguwarmu: inda suka burge ni da inda suka ban haushi

Masu tambayar ko gara mutum ya miƙa sadakarsa ta azumi ga ƙungiyar unguwa ko ya raba da hannunsa, ga dai yadda tamu take a nan Kano. Ba zan kama sunan unguwar ba don 'yan kwamitin duk iyayenmu ne da yayyenmu kuma ko sisi ba a biyansu, amma tunda kuɗin jama'a suke karɓa ai dole a faɗi gaskiyar aikin.

Tun cikin Sha'aban suke farawa. Liman ya yi sanarwa bayan isha'i, a saka lambar akawun a guruf ɗin WhatsApp, in ka tura sai ka ɗora risit ma'aji ya amsa maka. Wanda bai da kuɗi ya kawo kwanon gero ko sukari, duk suna karɓa ba raini. Sai su tafi Dawanau su yi sarin gero da masara da wake, su biya Singa su ɗauko sukari da taliya da mai. A nan ne farkon ribar take, don dubu biyar ɗinka in ka kai wa mai awo a bakin layi ba abin da za ta tsinana, amma in ta haɗu da ta mutane aka sayi buhu kafin a ga wata kaya su tashi, wlh bambancin ba kaɗan ba ne, balle tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin mota kaɗai ya isa ya cinye rabin niyyar mutum in shi kaɗai zai je kasuwa.

Abin da ya sa nake ba su kuɗina dai shi ne yadda suke zaɓen gidajen da za a kai wa. Ba maza ne ke zama a ƙofar masallaci su rubuta sunaye ba. Mata suka damƙa wa, malamar Islamiyyar matan aure da wata dattijuwa ungozoma da mai markaɗen layinmu, kuma duk wanda ya san unguwa ya san waɗannan su ne suka san gidan da aka kwana biyu ba a ɗora tukunya ba. Mai markaɗe ai ta san wadda ta daina aiko da wake. Shi ya sa za ka ga abin ya kai ga masu rufin asiri, ɗan fansho da ke saka babbar riga ya fito sallah alhali gidansa ba ko tsaba, matar da ke takaba, magidancin da shagonsa ya karye yana jin kunyar a sani. Irin waɗannan ko za su mutu ba za su shiga layi ba, ni kuma da hannuna ba zan taɓa gano su ba, iyakata in ba wanda ya tare ni a hanya.

Kuma da dare ake kaiwa, bayan an idar da asham. Samari biyu a adaidaita sahu, su yi sallama, su ajiye ƙullin a zaure su juya, ba wa'azi ba dogon bayani. Ba taro ba layi ba turereniya. Duk wanda ya tuna abin da ya faru a Bauchi cikin azumin 2024, inda mata suka rasu a turmutsutsun karɓar zakka, da wanda ya biyo baya a Ibadan da Abuja da Okija a watan Disamba na shekarar wajen rabon abinci, zai san wannan tsarin ba ƙaramin hankali ba ne. A nan kam ban ga abin kushewa ba.

Dafaffen abincin buɗa baki shi ne dai sai a hankali. Kunun tsamiya da ƙosai, wani lokacin shinkafa da wake, a ƙofar masallaci dab da magariba. Goman farko kunun da kauri da sukari, ana shiga goma ta tsakiya sai ya fara tsinkewa, kuma kullum samarin da suka fi ƙarfin kafaɗa su ke gaba, ƙananan almajirai da tsofaffi sai abin da ya rage. Ban ce a daina ba, masu gadi da 'yan ga-ruwa da matafiya na amfana sosai, amma a ware layin yara mana, a kuma daina zuba kunu da zafinsa a farar leda. Matan da ke dahuwar ma tun azahar suna bakin murhu da azumi a bakinsu, ya kamata a ce ana ɗan yi musu ihsani.

Inda suka ɓata min rai sosai shi ne ɗaukar hoto. Akwai wani ƙanenmu mai kula da shafinsu na Facebook, ranar rabon kayan sallar marayu sai ya jera yaran kowa riƙe da yadinsa ya ɗauka ya watsa. Haba Malam! Yaron nan gobe zai je makaranta abokansa sun gani. Mutanen da suka iya ɓoye buhun gero cikin dare su ne kuma ke tallan fuskar maraya da rana, abin ya ɗaure min kai. Hujjarsu wai 'yan unguwa da ke Abuja da Saudiyya sai sun ga shaida suke ƙara turowa. To a ɗauki buhunan da risit ɗin kasuwa, ai shaida ce. Aya ta 264 a Baƙara da ke hana ɓata sadaka da gori da cutarwa liman da kansa yake karanta ta a tafsiri.

Kayan sallar ma a makare suke zuwa. Yadin mai kyau ne ba laifi, daga Kantin Kwari ake yankowa, amma sai goman ƙarshe ake rabawa, lokacin da duk wani tela a garin nan ya rufe karɓar ɗinki yana kwana a kan keke yana yi wa masu kuɗi ƙarya ma balle maraya. Kuma ba a haɗawa da kuɗin ɗinki. Uwar da ba ta da na cefane ina za ta samo na tela? Sai ka ga yaro ya je idi da tsohon kaya yadin na ƙarƙashin katifa. Mafita a fili take, a yanka tun Sha'aban, a ɗauki awon yaran, a biya telolin unguwa kai tsaye.

Zakkar fidda kai liman ne ke riƙe da ita kuma yana da tsauri. Mudun Annabi huɗu kan kowane mutum, daga abin da ake ci a gari, ana karɓa kwana ɗaya ko biyu kafin sallah a rabar kafin a tafi idi, ba ya bari a juye ta a tukunyar ciyarwa. Wannan ya yi.

Lissafi kuma akwai gyara. Akawun ɗaya ne da na kuɗin 'yan sintiri da gyaran taransifoma da yashe kwata, to ta ina za a bambance? Ba zargin kowa nake ba, ma'ajin mutumin kirki ne na san shi tun ina yaro, amma karanta lissafi da baki a taron bayan sallah da rabin mutane ba sa zuwa bai wadatar ba. Takarda ɗaya a manna a allon masallaci, abin da ya shigo da abin da ya fita, shi ke nan.

Shawarata in taku ƙungiyar na da irin wannan tsarin, ka bayar da wuri kuma ka faɗa musu ƙarara na ɗanyen abinci ne, ka kuma rage wani abu na 'yan uwanka na jini don kwamiti bai san gwaggonka ta ƙauye ba. Yanzu wai suna shirin fara tara naman layya a babbar sallah su raba. Wannan kam sai na ji yadda za su yi da tulin ɗanyen nama ba wuta ba firji kafin in ba da cinyar ragona.