Malami, Manhaja ko Bidiyo: Ina Za Ka Sa Kuɗinka don Koyon Numfashin Yoga?

Yawancin masu fara yoga kan zuba kuɗinsu a shimfiɗa mai tsada da kayan sawa, su manta da numfashi. Alhali a tsarin yoga mai matakai 8 na Patanjali, wani malamin zamanin da na ƙasar Indiya, sarrafa numfashi, wato pranayama, shi ne na 4, yana biye da zaman jiki. Hanyoyin koyonsa uku ne, kuma ba ɗaya suke ba.

Bidiyon YouTube kyauta ne, ya kuma isa ga abubuwa masu sauƙi kamar numfashin ciki da nadi shodhana, inda ake toshe kafar hanci ɗaya a shaƙa ta ɗayar, sannan a sauya. Illarsa, mai bidiyon ba ya ganinka. Sai ka shafe wata guda kana ɗaga kafaɗu kana cika ƙirji, a zatonka daidai kake yi.

Manhajojin waya irin su Calm da Insight Timer suna taimakawa wajen ƙidayar numfashi. Baligi a zaune yakan yi numfashi sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya. Atisayen natsuwa kan saukar da shi zuwa wajen 6, a kuma ja fitarwar ta fi shaƙar tsawo, domin bugun zuciya na raguwa yayin da iska ke fita. Manhaja za ta riƙe maka wannan lissafi, amma fa agogon bango mai hannun daƙiƙa ma zai riƙe. Kafin ka biya kuɗin shekara, gwada ɓangaren kyauta har tsawon mako biyu, ka duba ko za ka iya sauya tsawon shaƙa da fitarwa da kanka. Wadda ta kafe a kan lissafi ɗaya, bar ta. Agogon hannu mai auna bugun zuciya kuwa, abin marmari ne kawai.

Malami ya fi tsada, amma ni can na karkata. Ɗauki ujjayi: ana ɗan matse maƙogwaro har numfashi ya riƙa fita da wata siririyar ƙara. Da kunne ake gyara wannan, waya ba za ta ce maka ka matse da yawa ba. Ga kuma kapalabhati da bhastrika, masu sauri da ƙarfi. Idan aka wuce gona da iri, iskar kabon dayoksaid ta ragu a jini, sai jiri ya taso, yatsu su soma tsikari. Mai juna biyu, da mai hawan jini ko ciwon zuciya, su nisanci waɗannan da dogon riƙe numfashi sai likita ya amince.

Kada takardar shaida ta ruɗe ka. Horon sa'o'i 200 da ƙungiyar Yoga Alliance ta Amurka ke yi wa rajista matakin farko ne kawai. Tambayi malamin shekara nawa ya yi yana pranayama shi kansa. Idan ya sa ka riƙe numfashi bai tambayi lafiyarka ba, naɗe shimfiɗarka. Darasi uku ko huɗu da na kirki, sannan ka ci gaba da manhajar kyauta, ya fi rajistar shekara.

In da sauran kuɗi, sayi matashin zama mai tauri wanda zai ɗaga ƙugunka sama da gwiwoyi, baya ya miƙe, ciki ya samu sarari. Bargo ninki huɗu ma yana yi.