Na takarda ko na waya?

Ana yawan tambayata a Nima, unguwarmu ta zango a Ankara, babban birnin Gana: labaran nan na mai binciken sirri, wanda yake bin sawun mai kisa, zuciyarsa na wurin wani namiji, Hajiya kuma kullum "yaushe za ka kawo mana mata?", a takarda za a karanta su ko a waya?

Kuɗi dai, na waya ya fi sauƙi. Na takarda da wuya ka same shi a Ankara, sai an yi odarsa daga waje, kuɗin aike ya cinye sidinka.

Maganar sirri ce babba. A gidan haya na zango ba a ɓoye komai. Ƙanwarka na shara za ta ɗaga katifa. Tun da majalisar Gana ta amince da ƙudurin nan na hukunta masu neman jinsi ɗaya a 2024, ko da shugaban ƙasa na lokacin bai sa hannu ba, mutane sun ƙara taka-tsantsan. Waya tana da makulli, amma ranar da ka kai ta gyara a Circle, inda masu gyaran waya suke, fa?

Takarda ba ruwanta da dumsor, wato ɗauke wutar lantarki, kuma komawa baya neman alamar da ta wuce ka ya fi daɗi.

Mai ɗakinsa shi kaɗai, takarda ta fi masa. Wanda ke kwana da ƙanne uku, ya riƙe wayarsa.