Littafin Almara na Farko: Wace Hanyar Wallafa Ta Dace da Sabon Marubuci?

Wanda ya kammala rubuta labarin almara na farko, mai cike da aljanu da sadaukai da biranen da ba su wanzu ba, yakan tarar cewa tambayar da ke gabansa ta kuɗi ce da haƙƙin mallaka: wa zai ɗauki nauyin bugu, kuma a hannun wa littafin zai kasance bayan shekara biyar? Irin wannan labari yana da tsawo bisa al'ada, sau da yawa ma ana raba shi kashi biyu ko uku, don haka kuskuren zaɓi ya fi yi masa illa fiye da gajeren labarin soyayya.

Tsohuwar hanya ita ce miƙa rubutu ga kamfanin ɗab'i, kuma almara ba baƙuwa ba ce a nan, domin gasar da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933 ƙarƙashin Rupert East ita ce ta fito da Ganɗoki na Bello Kagara, wanda jarumin cikinsa ya yi zama a duniyar aljanu. Kamfani na gaskiya shi ne yake biyan kuɗin tacewa da zanen bango da bugu da rarrabawa, sannan ya ba marubuci wani kaso daga ciniki. Matsalar ita ce manyan kamfanonin ɗab'i irin su Northern Nigerian Publishing Company (NNPC) ta Zariya da University Press ta Ibadan sun fi karkata ga littattafan da makarantu ke saya, su kuwa irin su Cassava Republic ta Abuja galibi da Turanci suke wallafawa. Marubucin almara da Hausa yana iya jira tsawon lokaci ba tare da amsa ba. Ya kamata kuma ya rarrabe tsakanin mawallafi da mai maɗaba'a, domin duk wanda ya nemi marubuci ya biya kuɗin bugu, sannan kuma ya nemi haƙƙin littafin, ya haɗa abubuwa biyu da bai kamata a ba mutum ɗaya ba.

Hanyar da ta gina adabin kasuwar Kano tun daga shekarun 1980 ita ce marubuci ya buga da aljihunsa ya kai wa dillalai. Ribarta a fili take: haƙƙi nasa ne, farashi ma shi ke yankewa. Sai dai lissafinta yana buƙatar natsuwa. A bugun babban inji akwai kuɗin da ba ya sauyawa, kamar na farantin da inji ke bugawa da shi da na zanen bango, ko kwafi 200 za a buga ko 2,000, shi ya sa ƙaramin adadi yake fitowa da tsada, babban adadi kuma yake daskarar da jari a cikin kwali. Takarda daga waje ake shigo da mafi yawanta, farashinta kuma yana bin dala, ga shi labarin almara yana cin shafi. Dillalai da yawa sukan karɓi littafi ne sai an sayar a biya, kuma sabon suna ba ya tafiya da sauri. Kafin a biya ko sisi, a nemi ganin wani littafi da maɗaba'ar ta taɓa bugawa, a duba ɗinkinsa, a kuma tabbatar haruffan ƙ da ɗ da ɓ sun fito daidai, domin almara tana da ƙirƙirarrun sunaye waɗanda mai karatu ba zai iya gyara su da kansa ba idan aka ɓata su. Lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi ta duniya, daga Ɗakin Karatu na Ƙasa ake samunta, kuma doka ta wajabta a ajiye kwafi a can. Mai bugawa a Kano kuwa ya san cewa Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i tana da hurumi a kan littattafai, kuma labarin da ya ƙunshi bokaye da tsafi ya fi jawo tambaya, saboda haka gara a fahimci ƙa'idojinta kafin bugu.

A yau mafi yawan masu karatun Hausa a waya suke, ta Wattpad da Facebook da zaurukan WhatsApp, inda ake sakin babukan farko kyauta sannan a biya kuɗi don ci gaba. A ganina wannan ce hanyar da ta fi dacewa da littafin farko, domin ba ta cin jari, kuma tana nuna wa marubuci daidai babin da masu karatu suka fara gajiya da bayanin tarihin masarautun da ya ƙirƙira, wanda shi ne ciwon da ya fi damun sababbin marubuta almara. Haɗarinta satar fasaha ne, domin abin da mutum ɗaya ya saya yana iya yawo a zauruka goma kafin gari ya waye. Dandali ma yana iya rufewa, kamar yadda OkadaBooks, manhajar sayar da littattafai ta Najeriya, ta rufe a 2023, don haka kada marubuci ya bar kwafinsa ɗaya tilo a hannun wata manhaja, kada kuma ya amince da sharaɗin da zai hana shi kai labarinsa wani wuri. Amazon KDP, dandalin Amazon da marubuci ke wallafa littafinsa da kansa, tana biyan kashi 35 ko 70 cikin ɗari a kan littafin lantarki gwargwadon farashinsa, amma ta fi amfanar mai rubutu da Turanci.

Abin da nake ba da shawara shi ne a fara da sakin kashi na farko a intanet, a tara abin da ya shigo, a biya ƙwararren mai tacewa wanda ya san ƙa'idojin rubutun Hausa, sannan a buga ƙaramin adadi idan masu karatu da kansu suka fara neman na takarda. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 tana kare littafi tsawon rayuwar marubuci da shekara 70 bayan rasuwarsa, saboda haka duk yarjejeniyar da za a sa wa hannu ta faɗi adadin shekarunta a rubuce, ta kuma bar wa marubuci haƙƙin fim da na karantawa a rediyo ko YouTube, domin waɗannan su ne abubuwan da ake fara nema daga labarin almara idan ya samu karɓuwa.