Sharhi: Na kai mota sikanin kan wutar ABS da VSC

Da zarar wutar ABS, wato tsarin da ke hana tayoyi kullewa in an taka birki, ta kama a dashbod, abin da yawancin makanikanmu ke fara faɗa shi ne famfon ABS ɗin ya mutu. Ni ma haka aka ce mini da Camry ɗina ƙirar 2009, wadda ake kira Muscle, ta soma kunna wutar ABS da ta VSC, mai hana mota sulɓewa a kwana, tare. Kuɗin famfon ɗan Beljiyam da aka tambayo mini a Ƙofar Ruwa ne ya sa na ce a dakata, sai na'ura ta yi magana tukuna. Wannan sharhi kan wani garejin masu sikanin ne a nan Kano, inda na kai ta.

Ina da ɗan ƙaramin abin sikanin nan mai araha da ake haɗawa da waya ta Bluetooth, a soka a soket mai baki 16 da ke ƙarƙashin sitiyari. Bai nuna komai ba, kuma ba laifinsa ba ne: tsarin da yake aiki da shi, wato OBD2 da Amurka ta wajabta tun 1996, maganar inji da hayaƙi ya rufe, ita kuwa kwamfutar birki kowane kamfani da yarensa. Babbar na'urar garejin ta shiga can, ta fito da lambar matsala C0205. A Toyota, wannan lambar tayar gaba ta hagu take nufi. C0200 ta dama ce, C0210 da C0215 na baya.

A nan ne na fara ganin bambancin wurin. Yaron shagon har ya ce a sayo sensa, wato mai auna gudun tayar, ogan ya katse shi. Ya juyo gare ni ya ce, “Alhaji, lambar nan layi ta nuna mana, ba ta ce sensa ce ta mutu ba. Waya na iya yankewa, soket na iya tsatsa, haƙoran da take karantawa a jikin shaf na iya cikewa da datti.” Ya fara da auna batir, don ƙarancin wuta kaɗai na iya tayar da waɗannan fitilu. Daga nan ya ce mu hau titi.

Ya zauna gefena da na'urar a cinya, tana nuna gudun kowace taya daban. A miƙe, duka huɗun suna tafiya tare, 30, 31, 30. Ina karya sitiyari a shataletale sai ta hagu ta faɗi sifili, ta dawo, ta sake faɗi. Da muka koma aka ɗaga motar, ya sa yaron ya riƙa juya tayar da hannu, shi kuma yana lanƙwasa wayar kaɗan-kaɗan. Daidai inda take bi ta jikin shokzoba, maƙalinta ya ɓalle tun wani aiki da aka yi a baya, ta yi ta gogar ƙarfe har robarta ta cinye. Daga waje ɗan baƙin tabo kawai za ka gani.

Dalilin da VSC ke bin ABS shi ma ya yi mini bayani a taƙaice. Tsarin da ke hana mota sulɓewa a kwana yana kwatanta abu uku: gudun tayoyi, inda ka karkata sitiyari, da yadda jikin motar ke juyawa a zahiri. In ɗaya ya yi ƙarya, kwamfutar ta janye hannunta gaba ɗaya. Birki na nan yana kamawa, amma ranar da ka take shi da ƙarfi a jiƙaƙƙiyar kwalta, taya za ta iya kullewa. Shi ya sa ban yarda da masu cire ƙwan fitilar ko su liƙe shi da baƙin tef ba, musamman dillalai.

Ogan ya ƙi ɗaure wayar, ya ce wurin kullum cikin motsi yake, sai aka sa wata sensar haɗe da wayarta. Bayan ya goge lambar, ya daidaita sensar da ke auna juyawar mota: a fili mai lebur, sitiyari a miƙe, ba mai jingina da motar. Ya ce ya kamata a riƙa yin haka bayan alaimen, abin da ban taɓa ji daga bakin mai alaimen ba.

Inda suka gaza: jira. Mutum ɗaya ne ya iya na'urar, in ya fita gwaji kowa ya tsaya, ga rumfar ba ta isa ba. Ba sa ba da sakamako a rubuce, sai da na ɗauki hoton allon da wayata. Kuɗin sikanin daban, na aiki daban, kuma ba a faɗa maka sai a ƙarshe, don haka ka tambaya tun kafin a buɗe ƙofa. Duk da haka, jimillar abin da na biya ba ta kusanci kuɗin famfon ba. Ya kuma gargaɗe ni cewa da ta baya ce ta lalace, da lissafin ya fi haka, domin a wannan ƙirar sensar baya a jikin boris ɗin tayar take.