Canza tirak ɗin babur ɗin ƙanƙara a gida: wanne ya kamata ka saya kafin ka kwance komai

'Yan'uwa da ke nan Kanada, musamman mu na Manitoba da sanyi ke kwana da mu wata biyar, duk wanda ya sayi babur ɗin ƙanƙara na hannu to ya sani wata rana sai ya canza tirak, wato wannan faffaɗan bel ɗin roba mai haƙora da ke ƙasa yana tura shi kamar na katafila. Aikin kwancewa da ɗaurawa ba shi ne abin tsoro ba, duk wanda ya taɓa canza kaca da sifoket na babur a gida zai iya. Inda ake asara shi ne wajen saye, kuma kuɗin ba kaɗan ba ne, sabo ɗaruruwan daloli ne wasu ma har sun haura dubu.

Abu na farko tun kafin ka kalli sunan kamfani, ka nemo lambobi huɗu na wanda ke jikin mashin ɗinka: faɗi, tsawo, tsayin haƙori, sai tazarar da ke tsakanin haƙori da haƙori. Yawanci faɗin inci 15 ne, wasu mashinan kamfanin Ski-Doo 16, manyan na aiki irin su Skandic kuwa har 20 zuwa 24. Tazarar nan ita ce ta cinye ni shekarar farko. Akwai inci 2.52, akwai 2.86, akwai 3.0, kuma dole ta yi daidai da haƙoran sifoket ɗin da ke kan shaf. Na ga tirak na hannu mai tsawon 136 a araha, nawa 137 ne, na ce ai inci ɗaya ba komai za a ja shi da noti. Ashe 136 ɗin layin haƙora 54 ne a kan tazarar 2.52, shi kuma 137 layi 48 ne a kan 2.86. Sai da na kwance komai, man giya na tsiyaye a roba, yatsuna sun ƙandare a gareji, sannan na ɗora shi kan sifoket na ga haƙori ɗaya ya zauna na biyun ya hau kai, wallahi raina ya ɓaci sosai ranar don mai shi ya riga ya ce ba a dawo da kaya. Saboda haka ka ɗauki tef ka auna, ka ƙirga layukan da alli, minti biyar ne.

To sai tsayin haƙori, nan ne ido ke ruɗar mutane. Kowa ya ga mai dogayen haƙora inci 2 ko fiye sai ya ji shi ne na maza, alhali an yi shi ne don ƙanƙara mai taushi mai zurfi irin ta duwatsun British Columbia. Mu nan hanyoyin da ƙungiyoyin Snoman, wato na masu babur ɗin ƙanƙara a Manitoba, ke daddaɓewa muke bi, ko mu hau tafkin Winnipeg kamun kifi, ƙasa tauri kamar siminti. Dogon haƙori a irin wannan wuri yana ɗaga mashin sama, garin ƙanƙara baya watsuwa yadda ya kamata kan lagireton da ke ƙarƙashin kujera, inji ya yi zafi, robar nan da tirak ke sulɓi a kanta da ake ce wa haifas ta fara narkewa har ka ji ƙauri, in kuma kana gudu haƙoran su fara tsinkewa. Ga matsalar wuri, in haƙorin ya fi ramin da aka yi masa sai ya dinga gugar lagireton gaba, in ya huda shi kuwa ka shiga wani kashe kuɗin.

A ganina ga mai bin daddaɓaɓɓiyar hanya inci 1.25 ya wadatar, irin RipSaw na kamfanin Camso na Quebec, wanda da ake kira Camoplast, Michelin kuma ta saye shi a 2018. Yana riƙe ƙasa a kwana, baya cin mai sosai. Wanda kuma yakan sauka daga hanya ya shiga gona ko gefen daji lokaci lokaci, Cobra mai 1.35 ko 1.6 ya fi masa, haƙoransa kamar kofi suke suna ɗibar ƙanƙara mai taushi, ni shi ne a nawa yanzu kuma ban yi nadama ba. Back Country mai 1.75 sai wanda rabin hawansa a wajen hanya yake.

Maganar ƙusoshi kuma, kan tafki birki baya kamawa in babu ƙarfe a jikin robar, wannan maganar rai ce ba ta ado ba. Hanya biyu ce. Ko ka sayi wanda ya zo da ƙananan ƙusoshi a kan haƙoransa tun daga kamfani kamar Ice Ripper, ko ka sayi fili ka huda ka ɗaura naka. Na ɗaurawa sun fi cizo nesa ba kusa ba, amma aiki ne na yini guda, suna ƙara nauyi, dole ka sa abin kariya a ramin sama, kuma in ɗaya ta fizge takan tafi da roba ta bar rami. In tirak ɗin mai shimfiɗa ɗaya ne ba biyu ba to ƙusarsa daban ce mai faɗin kai. Ni dai ga mai iyali da ba tsere zai yi ba na fi son wanda ya zo da nasa. Ka kuma duba dokar inda kake hawa don ba ko'ina aka yarda da ƙusa ba.

Na hannu fa? Ana samun mai kyau, mutane da yawa sukan cire sabo fil don su sa mai dogon haƙori, irin wannan in ya dace da lambobinka ka ɗauka. Amma ka lanƙwasa shi da hannu ka duba gindin haƙora ko akwai tsagewa, ka duba gefe ko zare ya fito, ka ƙirga ƙarafan da ke maƙale a tagogin, wato ramukan da ke jere a jikin tirak ɗin, ko wasu sun faɗi. Wanda aka taɓa sa wa ƙusa aka cire, ramuka ko'ina, bar shi ko kyauta ne.

Tunda dole sai ka sauke sasfenshan ɗin baya gaba ɗaya, ka buɗe akwatin kaca, ka zare shaf kafin tsohon ya fita, to ka haɗa da sabon haifas, boris ɗin shaf, sil da man akwatin kaca a sayayya ɗaya, kuɗinsu kaɗan ne kuma ba ka so ka sake wannan kwancewar a watan Janairu. Ka ɗau hoto da waya a kowane mataki musamman jerin washa da giya. Akwai kibiya a jikin mafi yawan tirak da ke nuna inda zai juya, ka duba ta kafin ka mai da shaf. Mai da sasfenshan shi ne wuri mai wuya, ramukan noti basa haɗuwa sai ka sassauta tayoyin baya gaba ɗaya, ka matse shi da igiyar ɗaure kaya, kuma ka nemi mutum na biyu ya riƙe maka.

In ka gama ka ɗaga bayan sama, kar kowa ya tsaya a baya musamman yara, ka tada inji ya juya a hankali, ka kashe sannan ka auna ko tirak ɗin na tsakiya, wato ratar da ke hagu da ta dama ɗaya ce. Ɗaurin kuwa ka bi abin da littafin mashin ɗinka ya faɗa, sabon tirak yana saki bayan fita ta farko, don haka ka tafi da sifana a aljihu ka sake dubawa da ka dawo.