Ƙarin nawa ya kamata ka biya dillali a kan Labubu, LEGO ko Hot Wheels?

Duk mai 'ya mace ko ƙanwa a Jidda da Makka ya san Labubu, ko da bai riƙe sunanta ba. Ita ce 'yar tsanar nan mai kunnuwan zomo da haƙora a waje, wadda 'yan mata ke ratayawa a jikin jaka. Tun da yayinta ya kankama a 2025, wanda ya riga ka saye shi ke yanka mata kuɗi a shafin tallan saye da sayarwa na Haraj da Instagram da Snapchat, kuma kowane dillali bakinsa ɗaya: "Ta ƙare a kasuwa." Haka ake yi da kwalayen LEGO da kamfani ya daina bugawa, da ƙananan motocin Hot Wheels, da 'yan mutum-mutumin Funko. In kana son abin, ƙari kam za ka biya. Sai dai akwai ƙarin da yake saya maka wani abu, akwai kuma wanda ɗumin yayi kawai ka biya, wata uku ya huce.

Kafin ka taya, ka san kuɗinta na kanti. Kamfanin Pop Mart na ƙasar Sin, wanda Wang Ning ya kafa a 2010, shi ke yin Labubu tun 2019, bayan ya ƙulla yarjejeniya da mai zanenta, Kasing Lung. Jerin da ya fito a Afrilun 2025, wanda ake kira Big into Energy, yuan 99 aka sa wa kwali ɗaya a Sin, a Amurka kuma dala 27.99. Da yake riyal a ɗaure yake da dala a kan 3.75, na Amurkan ya kama riyal 105. Ka ɗora harajin kashi 15 cikin ɗari da ake karɓa a nan tun Yulin 2020, ya zama kusan riyal 121, sannan kuɗin aikowa. Wannan jimillar ita ce ƙasan lissafinka. Abin da ya hau kanta ladan dillali ne, kuma kana da ikon tambayar kanka wace wahala ya ɗauke maka har ya ci wannan ladan.

Wahala ta farko da yake ɗauke maka ta gaske ce. Labubu a rufe ake sayar da ita. Jerin nan kala shida ne, ba ka san wadda ke cikin kwalin ba sai ka farke, cinikin biri a sama ke nan. Idan 'yarka ta kafe a kan kala ɗaya, "Baba, ni mai ruwan hoda nake so," kowane kwali damar ɗaya ce cikin shida. Ka sayi kwali shida ɗaiɗai daga wurare daban, damar ka dace da ita kashi 67 ne kacal cikin ɗari, wato a cikin mutum uku da suka yi hakan, ɗaya zai tashi da tarin kalar da ba a so, ga riyal ɗari bakwai sun tafi. Saboda haka wanda ya ba dillali riyal 170 ko 180 ya karɓi kalar da yake so a buɗe, yana kallonta da idonsa, bai yi wauta ba. Shi ne ma ya fi kowa iya lissafi. A ganina, ƙarin rabin kuɗin kanti a kan kalar da aka tabbatar daidai ne. In ya kai ninki biyu, sai ka dakata, domin akwai wata hanyar: babban kwali mai shida a rufe ba ya maimaita kala. Gida uku ko huɗu su haɗa kuɗi su saya, a raba, ko kuma ka ɗauki taka ka sayar da sauran.

Ita kuma kala ta ɓoye, wadda kamfani ke jefawa ɗaya cikin kwali 72, a nan ne mutane ke rasa hankalinsu. Mutum zai ce bari ya yi ta saye har ya dace. Ko da ya sayi 72 ɗin ɗaiɗai, kuɗin da ya haura riyal dubu takwas, damarsa kusan kashi 63 ce kacal cikin ɗari. In dole sai ta ɓoyen, saye a buɗe ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Kuma wanda zuciyarsa ba ta natsu da sayen abin da bai gani ba, saboda maganar garari da malamai ke yi a babin ciniki, saye a buɗe ya raba shi da wannan ma. Batun ajiye 'yar tsana a gida kuwa, kowa ya tambayi malamin da ya amince da shi, ba nawa ba ne.

Amma kada lissafin nan ya sa ka ɗauka Labubu kadara ce. Labarin da dillalai ke son ba ka shi ne na gwanjon Beijing a Yunin 2025, inda aka sayar da wata Labubu mai tsayin mutum a kan yuan miliyan 1.08, kimanin dala dubu 150. Gaskiya ne an yi. Sai dai waccan ba irin ta jikin jaka ba ce. Ta jikin jaka injin da ya yi ta yana nan yana aiki, kuma a cikin watan nan na Yuni da Pop Mart ya sako kaya da yawa, farashin dillalai a Sin ya rikito. Ƙarancinta ƙaranci ne na ɗan lokaci, a hannun kamfani yake, ran da ya ga dama ya buɗe famfo.

An taɓa ganin irin wannan. A Amurka, a ƙarshen shekarun 1990, mutane sun riƙa tara 'yan tsanar Beanie Babies na kamfanin Ty suna jiran su yi kuɗi da su. Daga 1999 kasuwar ta fara mutuwa, yau akasarinsu ko kuɗin da aka saye su ba sa maidowa. Funko ma, masu 'yan mutum-mutumin nan masu ƙaton kai, a 2023 da bakinsu suka sanar cewa za su zubar da kayan da suka kai dala miliyan 30 zuwa 36 saboda rumbunansu sun cika. Kamfanin da yake zubar da kaya don rashin wurin ajiya, ban ga dalilin da zan biya ƙari a kan na gama-garinsa ba. Funko sai dai wanda aka buga masa adadi a jikin kwali, shi ma da taka-tsantsan.

LEGO ya fi su tsayawa da ƙafarsa, kuma dalilin a fili yake. Idan kamfanin ya janye wani kwali daga kasuwa, waɗanda suka rage a rufe kullum raguwa suke, don wasu na buɗewa su haɗa. Masu nemansa kuma manya ne masu albashi, ba yaran da za su manta da shi baɗi ba. A nan ƙarin rabi, har ƙarin cikakken kuɗin kanti, a kan kwalin da ya shekara biyu ko uku da janyewa, ba abin mamaki ba ne. Duk da haka ga kwalin Taj Mahal. An fitar da shi a 2008 da lamba 10189, guda 5,922 a ciki, aka janye, kuɗinsa ya yi ta hawa har ya ninka na kanti sau da yawa. A 2017 kamfanin ya sake fitar da shi da lamba 10256, da ƙarin guda ɗaya tak, 5,923. Wanda ya saya da tsada a 2016 don ya gina ya ajiye a falo, da ya yi haƙurin shekara ɗaya da ya samu sabo a kanti. Darasin da na ɗauka: kwalin da ya fi farin jini shi ne aka fi sake bugawa. In don ka haɗa kake so, nemi wanda aka buɗe amma yake cikakke da littafinsa, ya fi araha sosai, kuma in guda biyu ko uku sun ɓata ana samunsu a BrickLink, kasuwar da LEGO ɗin kansa ya saye a 2019. Kuɗin hatimi da lafiyar kwali na mai niyyar sake sayarwa ne.

Hot Wheels lissafinsa daban ne, domin uwar kuɗin kaɗan ce. Motar gama-gari 'yan riyaloli ce a manyan kantuna. Wadda ake farauta ita ce Super Treasure Hunt: tayoyinta na roba mai laushi ne, fentinta yana ƙyalli fiye da na sauran, da alamar TH a jiki. Za a iya ce maka ninki goma, amma ninki goma na ƙaramin kuɗi bai kai rabin abin da Labubu ta ɓoye ke ci ba, kuma Mattel, kamfanin da ke yin su, tun 1995 yake wannan tsari na farauta, masu tarawa ba su watse ba. In akwai wurin da zan yarda da ninki mai yawa, nan ne. Ka dai duba katin da ledar da ke manne da shi sosai, don ana ɓamɓarewa a sauya mota a sake mannewa.

Sai babbar magana, jabu. Na Labubu sun yi yawa har sun samu suna nasu, Lafufu. Ta asali haƙoranta tara ne cif, akwai tambari a tafin ƙafa, a jikin kwali kuma akwai lambar da ake ɗauka da waya ta kai ka shafin Pop Mart. Masu jabu sun koyi buga lambar su ma, ta kai ka shafin da suka ƙirƙira, don haka ka karanta adireshin da ya buɗe harafi-harafi. Wannan ba maganar ado kaɗai ba ce. A Agustan 2025 hukumar kula da lafiyar kayan masarufi ta Amurka ta yi gargaɗi cewa jabun suna ɓarkewa, ƙananan sassansu na iya shaƙe ƙaramin yaro. Hajiyar da ke haɗa tsarabar jikoki za ta koma Kano ko Zinder, gara ta bar wannan layin gaba ɗaya, ta sayi kayan wasa masu alamar G ta ƙasashen Gulf a kanti. Ɗan shekara uku bai san ta ɓoye ba, baki zai kai.

Inda za ka saya shi ke nuna nawa ne ƙarin da ya halatta. A Haraj an fi samun sauƙi, amma kai ne mai bincike, kai ne alƙali. Kada ka tura ko riyal ɗaya kafin ka riƙe kayan. Ku haɗu a wuri mai jama'a, ka ƙirga haƙora, ka ɗauki lambar a gabansa. Tayin da kake gani a ƙarƙashin talla ma ba duka ne na masu saye ba, wani abokin mai kayan ne yake ƙara kuɗi don ya zuga ka. Wannan shi ne najashi da Manzon Allah (SAW) ya hana, kamar yadda ya zo a Bukhari da Muslim, kuma intanet ta sauƙaƙa shi. Shagon intanet mai rajistar kasuwanci ya fi tsada, amma akwai abin da kake samu: dokar cinikin intanet ta 2019 ta ba mai saye kwana 7 ya mayar da kayan da bai yi amfani da su ba, kuma in an cuce ka kana da Ma'aikatar Kasuwanci, ta lamba 1900 ko manhajar Balagh Tijari. Ƙarin riyal ashirin ko talatin saboda wannan kariyar kuɗi ne da ya sayi wani abu. Ka sani dai kwalin da ka farke da wuya a karɓe shi. A Amazon.sa da noon kuma ka duba wane ne ainihin mai sayarwa, don ba duk abin da ke shafin ne nasu ba. Mai shafin Instagram da ba shi da rajista, yana neman kuɗi gaba ɗaya kafin aikowa, shi ne ya fi kowa tsada ko da ya fi kowa araha.

Don sanin farashin gaskiya, kada ka kalli abin da masu talla suka rubuta, kowa na iya rubuta dubu. Ka shiga eBay ka tace waɗanda aka riga aka sayar, ko StockX da ke nuna cinikin da aka yi a baya, ka duba na wata uku. In layin yana gangarowa, jira, mako biyu na iya rage maka abin da ciniki ba zai rage ba. Kuma abin da sai ka raba kuɗinsa huɗu a manhajojin biya kaɗan-kaɗan irin Tabby ko Tamara kafin ka iya ɗauka, ya fi ƙarfin aljihunka tun farko.

Wanda ya sayi kaya da niyyar ajiyewa ya sayar, ya sa yanayin ƙasar nan a lissafinsa. Zafin Makka na haura digiri 45, kwalin da ya yini a mota ledarsa ta lanƙwashe, gam ya saki. Laimar Jidda tana sa kwali ya yi laushi ya yi tabo, hasken rana kuma yana mayar da farin LEGO rawaya. Mai saye na gaba kusurwar kwali zai fara dubawa, in ta lotse ya zaftare maka kuɗi. Ka cire la'adar Haraj ta kashi ɗaya cikin ɗari, ka cire kuɗin aikawa, ka tuna gidan haya ake ciki kuma ana tashi, a kowane tashi kwali sai ya ji jiki. In ba ka da ɗaki mai sanyi da kabad mai rufi nesa da taga da hannun yara, ka sayi wanda aka riga aka buɗe, ka bar wa wani tsadar hatimin.