Alfadari ko jaki: wanne za a saya don dako?

Masu amalanke a Damagaram kan yawaita wannan tambayar, musamman masu jigila tsakanin Mirriya da Kasuwar Dole.

A fara da samuwa. Jaki yana kowace kasuwar dabbobi, ko da yake cinikin fatarsa ya tayar da kuɗinsa har Nijar ta hana fitar da shi a 2016. Alfadari sai an nema, don sai jaki ya hau goɗiya, a jira wata 11, kuma shi ba ya haihuwa. Jaka kuwa tana ba ka ɗa.

Wajen ƙarfi alfadari ya yi gaba: yana ɗaukar kusan kilo 90 a baya, jaki kuwa in ya haura 50 an fara zaluntarsa. Amma cinsa ya fi yawa, kara kaɗai ba ya riƙe shi, sai da harawa da dusa. Akumarin jaki ma ba ya zama masa daidai, ya goge ƙashin baya ya zama miki. Ga shuri in an saba dukansa.

Mai ɗibar ruwa da itace cikin unguwa, jaki ya ishe shi. Mai doguwar hanya da kaya masu nauyi, in yana da abin ciyarwa, ya nemi alfadari.